Ranar da Aka Auna Kaftin Na'ibi

Shekarar ta kuɓuce mini. Na san dai bayan babban ruwan nan ne da ya kwashe motoci a Jidda, amma ko da shekara goma ko da sha biyar, sai a tambayi waɗanda kansu bai fara yoyo ba. Sunan kwarin da aka yi tafiyar dominsa ma ya tafi. Ina ganin itatuwan mangwaronsa a idona, sunan ne ba ya zuwa. Abin da ya rage mini shi ne Na'ibi da abin da ya same shi wata Alhamis, kuma wannan ina riƙe da shi daram, domin ina cikin waɗanda suka tsaya a bakin wayar shinge suna kallo.

Na'ibi mutumin Mai Wurno ne, can bakin Nilu a Sudan. Jirgin ruwa ne ya kawo shi daga Sawakin, ya kwana yana amai, ya sauka Jidda ya zauna a unguwarmu ta Waziriyya bai ƙara fita ƙasar ba. Aikinsa tuƙa motar kafilinsa, wato maigidan da ya tsaya masa a ƙasar, wani dattijo mai suna Bandar, wanda yake da ƙaramin jirgin sama mai kujera huɗu da farfela ɗaya a hanci, yana ajiye shi a wani fili arewa da gari tare da na abokansa. Kowace Asabar Na'ibi zai kai shi can, ya goge gilashin jirgin, ya riƙe fulas ɗin gahawa, ya zauna a inuwa har a sauko. Shekara goma sha ɗaya yana wannan. Ƙafarsa ba ta taɓa barin ƙasa ba.

A Waziriyya kuwa ba haka labarin yake ba. Akwai wata hular matuƙa da Bandar ya gaji da ita ya ba shi. Da ita yake zuwa majalisar ƙofar shagon Ya'u tela bayan la'asar, ya zauna, ya ɗaga kai ya dubi sama da ido ɗaya.

"Yau iska ba ta da kyau a ƙafa dubu uku," zai ce.

"Ka je ne, Kaftin?" in ji Ya'u, bai ɗago daga keke ba.

"Ba sai na je ba. Mu a gwiwa muke jin ta."

"To me ya sa ba mu taɓa ganin hotonka a sama ba?"

"Da wane hannu zan ɗauka? Kana so in saki sitiyari in kashe bayin Allah don ka ga hoto?"

Ya'u ba ya musu. Sai dai ya ciji zare ya ce Allah Ya kiyaye. Amma tambayar hoton nan ta fara dawowa kusan kullum, har wasu ma sun fara ara. Saboda haka abin da Na'ibi yake so a duniya ya zama guda ɗaya tak: mutanen Waziriyya su gan shi da idonsu ya tashi sama, ko da sau ɗaya ne.

Sai aka yi ruwa a kudu. Kwana biyu ana zubawa a kan duwatsu, ya gangaro kwarin nan da na manta sunansa, ya yanke hanyar mota, ya shiga gidajen masu aikin gona. Rabin ma'aikatan nan namu ne, kusan kowane gida a layinmu yana da ɗa ko ƙane a can. Waya tana shiga, mota ce ba ta shiga. Bandar da abokansa masu ƙananan jirage suka nemi izini aka ba su, suka ce za su riƙa kai magani da abinci a jiragensu, da mansu, don Allah. Bandar gwiwa ta hana shi, sai 'yarsa Tahani ta karɓi jirgin. Ita matuƙiya ce ta gaske, mai takarda.

Ran Laraba da safe Na'ibi ya tare ta a bakin mota.

"Kina buƙatar tafinta," ya ce.

"Ammu Na'ibi," ta ce, don haka take kiransa, wato baffa, tun yana kai ta makaranta, "mutanen can suna jin Larabci."

"Suna ji in suna cikin hankalinsu. Bahaushe in ruwa ya ci masa gida, Larabcin ne yake fara tafiya."

Ta dube shi daga hula har takalmi, a hankali, ta rubuta wani abu a takarda. Shi ya ɗauka girmamawa ce.

"Tayyib," ta ce. "Gobe da hantsi. Mun cire kujerun baya, akwatunan magani za su ci rabin wurin. In mutanenku suna da abin aikawa, kilo hamsin da biyar. Ko rabin kilo kada ya ƙaru."

Ran nan tun kafin la'asar ya iso majalisa.

"Gobe zan tashi," ya ce. "Yarinyar za ta raka ni don ta koyi hanya."

Ya'u ya tsayar da keke. "Jirgin naka me yake ɗauka?"

"Abin da na ce ya ɗauka."

Nan ya kashe kansa. Kowa ya san yadda muke da saƙo. Mai tafiya ba ya cewa ba wuri, kuma abin da aka damƙa maka ya zama amana har ya isa hannun mai shi. Kafin magariba falon Na'ibi ya cika. Barguna, jallabiyoyi, dabino, sabulu, gwangwanayen kifi, kuka da daddawa a ƙulle, mai a robobi daga Latifatu ta layinmu. Ni ma na kai wani abu, na manta mene ne. Matar Na'ibi, Mastura, ta ce batir ne. Ya'u da kansa ya sa aka sauke buhun shinkafa mai kilo arba'in, na ƙanensa, ya tsaya yana kallon fuskar Kaftin. Fuskar ba ta motsa ba.

Daga ƙarshe Inno ta zo. Inno ta haura tamanin, ɗanta Nuraddeen yana can kwarin da iyalinsa. Turmi ta sa aka ɗauko mata.

"Inno, turmi kuma?"

"Ruwa ya tafi da nasu. Da me matarsa za ta daka kukar da kake kai mata, da goshinka?"

"Ai ba matsala," in ji Na'ibi.

Mastura ta aro sikelin Bayamanen da ke shago a ƙasan bene, ta auna komai ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa sau biyu. Ɗari da arba'in da takwas.

"Abu Lailatu," ta ce wa mijinta, "ba hamsin da biyar ka ce mini ta ce ba?"

"Kaya ta ce."

"Waɗannan mene ne?"

Ya yi murmushin wanda ya san abin da mata ba su sani ba. Shekaru yana raka alhazai babban filin jirgi in za su koma gida, ya sha ganin dattijo ya shiga banɗaki siriri ya fito kamar rumbu, riga shida a jiki, agogo uku a kowane hannu, ya wuce ta gaban ma'aikata ba wanda ya tanka. Jaka ake aunawa. Ba a taɓa ɗora Alhaji a sikeli ba.

"A dokar sama," ya ce mata, "abin da yake jikin mutum ba kaya ba ne. Abin da yake hannunsa kuma kayan hannu ne. Wannan darasin farko ne."

"Turmin fa?"

"Za a goya mini."

Mastura ta dube shi yadda ake duban tukunyar da ta riga ta ƙone, ta tafi ta ɗora shayi.

Ya'u ne ya ɗinka falmaran mai aljihu ashirin da biyu, kuma bai karɓi ko sisi ba, ya ce aikin Allah ne. Da safe aka fara shiri. Aka ware jakunkuna biyu masu kilo hamsin da biyar cif. Sannan aka koma kan Kaftin. Jallabiya tara ta shiga, daga ƙarama zuwa babba. Ta goma, wadda ita ce tasa, ta tsaya a kafaɗa ta ƙi, aka bar ta a kan gado. Aka ɗora falmaran aka cika aljihunan. Robar mai ɗaya a kowace hammata. Inno da hannunta ta goya masa turmin da zane, ta ƙulle a ƙirji, ta ce kada ya jingina. Aka rufe da bargo uku. Aka sa hula.

Ƙofar gida ta ƙi shi ta gaba. Ya fita a kaikaice. A matakala mutum biyu suka riƙe shi ta sama, biyu ta ƙasa, kamar ana sauko da firiji. Gaban wanet ɗin da aka aro, wato 'yar motar ɗaukar kaya, bai ɗauke shi ba, kuma turmi ya hana shi zama a baya. Haka ya tsaya riƙe da ƙarfe, motoci biyu na maƙwabta suna biye, aka ratsa Jidda.

Wanda ya san Jidda bayan ruwa ya san zafin da nake nufi, wanda iska take zama kamar tsumma mai ɗumi. Kafin mu wuce unguwar Bani Malik gumi ya fara ɗiga daga bakin hular. A wata danja wani direban tasi ya sauke gilashi ya tambaya ko asibiti za a kai shi.

"Matuƙi ne," Ya'u ya amsa daga gaba. "A sama akwai sanyi."

A ƙofar filin mai gadi ya ce mutum ɗaya ne a takardarsa, saura su bi ta gefe su tsaya a bakin waya. Sannan ya miƙa hannu yana neman katin izinin zama.

"Iƙama."

Na'ibi ya sauke ido kan bargunan da ke jikinsa.

"Tana ciki," ya ce.

"Cikin mota?"

"Cikin riga ta farko."

Hannun Na'ibi ba ya lanƙwasuwa. Ya'u ya naɗe hannun rigarsa ya zura ta gefen bargo. Ya fito da sabulu. Ya sake zurawa ya fito da gwangwanin kifi. Ya sake, ya fito da dabino, mai gadi ya karɓi biyu ya ce bismillah. A karo na huɗu hannun ya shige har kafaɗa, kunnen Ya'u a kan cikin Kaftin kamar likita, sai aka ji wani abu ya yi ƙas.

"Ya'u," Na'ibi ya ce a hankali, "wani abu yana bin haƙarƙarina."

"Mai sanyi ko mai ɗumi?"

"Mai santsi."

"To man Latifatu ne. Na dama ko na hagu?"

Iƙamar ta fito tana ƙyalli. Mai gadi ya riƙe ta da yatsa biyu, ya dubi hoton, ya dubi abin da ke gabansa, ya ce hoton ya daɗe. Ya buɗe ƙofa.

Rumfar jiragen a buɗe take, tana kallon wayar da muka jeru a bayanta, tsakaninmu bai fi taku ashirin ba. Jirage uku ne a waje, 'yan sa kai suna ta lodi, wani yana duba mai, wani yana duba taya. A bakin rumfar akwai babban sikeli na ƙasa, da wani mutum mai suna Othman a gefensa da takarda. An ce mini likitan haƙori ne a sauran ranaku. Na'ibi ya taho yana jan buhun shinkafa da hannu ɗaya, taku uku ya huta, yana barin sawun mai a kan siminti.

Aka ɗora jakunkuna biyu. Hamsin da biyar cif. Na'ibi ya juyo gaba ɗayansa, don wuya ba ya juyawa, ya dube mu, ya taɓa bakin hula. Wasu mata suka ce masha Allah. Ya nufi jirgi.

"Ammu," in ji Tahani. "Saura kai."

"Ni ba kaya ba ne, 'yata."

"Jirgin bai san haka ba."

"A babban fili ba a auna mutum."

"Wancan mutum ɗari uku yake ɗauka. Wannan in na ƙara cokali biyu a abincin rana yana sani. Yalla, Ammu, rana tana yi."

Ya hau. Othman ya dubi lambar, ya dubi takarda, ya ce masa ya sauka. Ya duba ƙarƙashin sikelin, ya hura, ya ce ya sake hawa.

"Ɗari da hamsin da bakwai," ya ce da ƙarfi, don haka aka umarce shi ya riƙa faɗa.

"Jiya ɗari da huɗu na rubuta maka," in ji Tahani.

"Na karya da kyau."

"Buhun fa?"

"Kayan hannu."

Ba ta yi dariya ba. Tarbiyyar gidansu ce. Ta ce wa Othman a taimaka wa Ammu ya sha iska.

Aka fara da barguna. Daga bakin waya kowa yana shaida nasa. "Wannan nawa ne, mai furen." "A ninke shi, ba a haka na kawo ba." Da bargo na uku ya faɗi sai turmi ya bayyana a goye, 'yan sa kai suka bar lodi suka matso. Wani dattijo matuƙi ya zagaya bayan Na'ibi, ya leƙa cikin turmin, ya tambaya da ladabi ko na'urar mece ce.

"A hankali da shi," Inno ta ce daga waya. "Ya girme ku duka."

Falmaran ya ɗauki lokaci, don Othman mutum ne mai tsari, kowane aljihu sai ya zazzage ya jera. Sannan jallabiyoyi, ana cirewa ana ƙirgawa, Na'ibi yana raguwa a gabanmu kamar albasa. Da aka zo ta tara ya riƙe wuyanta.

"Wannan a bar ta."

"Ta mijina ce," in ji Zubaidatu, maƙwabciyarsu. "Ko da man a jiki ya fi son ta."

Aka cire. Ya rage daga shi sai fanila da dogon wando da hula. Othman ya duba.

"Ɗari da biyu."

"Ka ga," in ji Ya'u, "tafiyar ta karɓe shi tun bai tashi ba."

Tahani ta yi 'yan rubuce-rubucenta a kan fiffiken jirgi, sannan ta zo kusa da shi ta rage murya, sai dai wurin shiru ne, mun ji.

"Ammu, hanya biyu ce. Ko ka hau da kilo hamsin da biyar kamar yadda na ce, sauran ya koma gida. Ko kayan su tafi duka, har turmi, kai ka tsaya. In ba kai, komai yana shiga, har da ragowar wuri. Ka zaɓa, mintina biyar."

Na'ibi ya dubi jirgin. Ƙofar dama a buɗe take, kujerar da ya shekara goma sha ɗaya yana kaɗe wa ƙura tana kallonsa. Ya taho bakin waya a fanilarsa.

"Jama'a," ya ce, "an sami canjin iska. Dole a rage kaya. Inno, irin wannan jirgin ba ya shiri da itace."

"Jiya da na kawo, yana shiri da shi?"

"Jiya iskar yamma ce."

"Ɗan nan, a hannunka na sa. Ka kai, ko ka je ka gaya wa Nuraddeen da bakinka cewa ka bar turmin uwarsa ka kai masa tumbinka."

Ya juya wajen Ya'u. "Shinkafar nan..."

"'Ya'yansa biyar," in ji Ya'u. "Amma kai ne Kaftin. Abin da ka ce ya ɗauka zai ɗauka."

Ya dubi Latifatu, ta ce manta ya riga ya ragu da rabi, kada ma ya fara. Ya dubi Zubaidatu, ta gyara tsayuwa. Ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya har ya zo kan Mastura. Ita ba ta ba shi saƙon komai ba, saboda haka ba abin da zai roƙe ta. Ta dube shi kawai.

Ya gyara hula. Ya koma wajen jirgi da taku irin na manya, ya ɗaga murya yadda za mu ji.

"Na yanke shawara. A loda duka. Yarinyar nan ta isa ta tafi ita kaɗai, na daɗe ina lura da hannunta."

Da a nan aka tsaya, da ya sha. Amma Tahani yarinya ce mai tausayi, kuma tausayin ne ya ƙarasa shi. Bayan an gama lodi ta taho har bakin waya ta gaida Mastura.

"Khala, ki yi haƙuri," ta ce. "Na so ƙwarai in ɗauke shi yau. Shekara goma sha ɗaya yana goge jirgin nan bai taɓa tashi ba ko sau ɗaya. In sha Allah in ruwa ya janye zan zagaya da shi bakin teku, minti goma, in bai ji tsoro ba."

Na ji ƙarar wata mota can a kan babbar hanya.

"Kaftin," Ya'u ya ce daga bisani, da murya mai taushi, "ko sau ɗaya?"

"A ƙasa na sha shiga."

"Sitiyarin da ba ka saki fa?"

"Na mota," in ji Mastura. "Halas, Ya'u. Ku ba shi wani abu ya rufa."

Buhun shinkafa bai sami wuri a baya ba, sai aka zaunar da shi a kujerar dama, Tahani ta ja bel ta ɗaure shi da kyau. Farfela ta juya. Jirgin ya gangara, ya juyo, ya wuce ta gabanmu, buhun a zaune tsaf a taga yana kallon gaba. Na'ibi, lulluɓe da rigar gilashin jirgin da Othman ya ara masa, ya ƙame ya sara. Muka bi shi da ido har ya zama ɗigo ta wajen kudu. A komowa gaban wanet ya ɗauke shi ba wahala.

Akwai abin da ban sani ba a ranar, sai bayan watanni, da na haɗu da Malam Ikrama, limamin mutanen kwarin, a wani masallaci a Balad, cikin tsohon garin Jidda. Ashe tun ran Laraba Na'ibi ya aika musu saƙon murya cewa Kaftin da kansa zai sauko, a shirya. Suka share tsohuwar kwaltar da jirgi zai sauka, suka yanka akuya ɗaya daga cikin ukun da ruwa ya bar musu, Malam Ikrama ya rubuta jawabin maraba shafi biyu. Jirgi ya tsaya, suka jeru a ƙofar dama, aka buɗe. Malam ya ce ya dubi buhun, ya dubi takardarsa, ya ga an riga an yanka akuya kuma jama'a sun yi sahu. Sai ya karanta. Wurin sunan kawai ya tsallake.

Saboda halin kaina ban yarda da kunnena ba, na nemi mutum biyu da suka halarta na tambaye su daban-daban. Duka sun tabbatar. Sun ce buhun bai katse shi ba har ya kai ƙarshe, aka yi fatiha, aka shafa.